Mai makulli ba shi ne mai gida ba: jan hankali ga baƙin da ke neman haya a Manchok

Duk shekara da an fara girbi, baƙi sukan cika mana gari. Ga masu sayen masara da waken soya, ga masu bin citta daga Kaciya zuwa Kwoi zuwa Kafanchan, ga ɗaliban da suka samu gurbi a Makarantar Ƙididdiga ta Tarayya da ke Manchok, ga 'yan bautar ƙasa da ma'aikatan da aka yi wa canjin wurin aiki. Kowa ɗaki yake nema, kowa kuma sauri yake yi. Ni dillalin gidaje ne, shagona yana Kafanchan, harkata takan kai ni Kagoro, Manchok da Gidan Waya. Abin da ya sa ni wannan rubutu shi ne abin da ya sami wani bawan Allah mutumin Maraɗi, wanda har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Dattijo ne, ɗan kasuwar hatsi, ya zo bayan an sake buɗe iyakar Najeriya da Nijar a 2024. Ya sauka wurin wasu 'yan uwansa a Kafanchan, su suka rako shi shagona. Gida yake so a Manchok, mai katanga, mai ɗakin da zai mayar sito, domin garin yana kan hanyar Ganawuri zuwa Jos, ga shi kusa da ƙauyukan da yake sayen kaya. Na ce masa ina da gidaje a hannu, la'ada kashi 10 cikin 100 kamar yadda aka saba, sai kuɗin lauyan da zai rubuta yarjejeniya. Ya yi shiru yana mayar da lissafin zuwa sefa, can ya ce, “Malam, wannan la'ada ai kuɗin buhuna ne masu yawa. Ni Hausa nake ji, kowa a nan Hausa yake ji, matambayi ba ya ɓata.” Na ce, “Allah ya ba da sa'a, Alhaji.” Muka rabu lafiya.

Ban sake jin ɗuriyarsa ba sai ƙarshen Disamba, da wani mai unguwa a Manchok ya kira ni ya ce in zo maza, ga wani baƙo yana ambaton sunana.

Ga yadda aka yi. Yana sauka a tashar Manchok ya tambayi wani ɗan acaɓa ko ya san gidan haya. Ɗan acaɓa ba ya taɓa cewa bai sani ba. Ya ɗauke shi sai wurin wani saurayi mai tarin makullai a aljihu. Gida ne mai ɗaki huɗu, da katanga, da rijiya, ciyawa ta cinye tsakar gida don an daɗe ba kowa. Saurayin ya ce gidan babansa ne, baban ya rasu, shi ke kula da shi. Wannan duk gaskiya ne. Abin da bai faɗa ba shi ne su bakwai ne a wurin uban, shi ne na kusa da auta, uwarsu tana raye a ƙauye, babban wansu tsohon soja ne yana zaune a Jos. Ya yi wa Alhaji ragi mai tsoka bisa sharaɗin ya biya shekara biyu a dunƙule. Alhaji ya ga araha, ya ƙirga kuɗi ya miƙa a hannu. Rasit ɗin da aka ba shi na gan shi da idona: falle ɗaya da aka yago daga littafin rubutun 'yan firamare, babu cikakken suna sai laƙabi, babu kwatancen gidan, shaida kuwa ɗan acaɓan nan ne, shi ma ya karɓi nasa kason.

Alhaji ya zage ya gyara gida. Ya sauya kwanon da ke yoyo, ya yashe rijiya, ya sa wa sito ƙofar ƙarfe, ya je Maraɗi ya ɗauko iyalinsa, ya sa yara a makaranta. A gefen tsakar gidan akwai wani shimfiɗaɗɗen siminti, tsawonsa kamar kamu huɗu, ɗan tudu kaɗan, rubutun da ke kansa ya goge saboda ruwa da rana. Alhaji ya ɗauka wurin shanya ne. A nan yake baza citta ta bushe, in ta bushe ya jera buhuna a kai. Saurayin ya sha zuwa ya gani, bai ce uffan ba.

Kabarin uban gidan ne.

A wannan yanki, iyalai da yawa a cikin gida ko a ƙofar gida suke binne mahaifinsu, yaron goye ma ya san haka. Mutumin Maraɗi da ya tashi yana ganin ana kai gawa maƙabarta a bayan gari, ta ina zai sani? Disamba kuwa lokaci ne da 'yan ƙasa ke dawowa gida daga Jos, Abuja da Legas don Kirsimeti, wasu su tsaya har bikin Afan na Kagoro ranar 1 ga Janairu. Babban wa ya iso da matarsa da 'ya'yansa da tsohuwar uwarsu, suka tarar da baƙi a gidan ubansu, buhuna jibge a kan kabarinsa.

Lokacin da na isa, mutane sun fara taruwa a ƙofar gida, samari sun fara ɗaga murya. Wanda ya san abin da ya faru a Kafanchan bayan zaɓen Afrilun 2011, da yadda aka ƙone kasuwa, da yadda tun daga nan zaman unguwanni ya rarrabu, ya san ba a wasa da irin wannan taro. Rigimar haya ce, amma baƙo Musulmi ne, masu gida Kiristoci ne, ga kabari a tsakani. Mutum ɗaya marar hankali ya isa ya mayar da ita wani abu dabam. Allah ya saka wa mai unguwar nan da alheri, shi ya kori samarin, ya sa aka sauke buhunan, ya shigar da mu zaure.

Can ciki iyalin suka shiga magana da harshensu na Sholio, Alhaji yana zaune yana raba ido, ana yanke hukunci a kan kuɗinsa da iyalinsa bai ji ko kalma ɗaya ba. Hausar da ya dogara da ita ta kai shi kasuwa, ta kai shi tasha, amma maganar gado a cikin dangi ba da ita ake yi ba. Da aka juyo wurinsa, ya durƙusa gaban tsohuwar ya ce, “Mama, wallahi ban sani ba. Da na sani ko takalmi ba zan ajiye a wurin ba.” Tsohuwar ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce da Hausa, “Tashi, ba kai ka yi ba, ɗana ne ya yi.” Babban wan, duk da zafin da ya zo da shi, ya yi dattako. Ya ce, “Malam, ba mu da rigima da kai, amma gidan nan ba na haya ba ne, ba wanda ya yarda a ba da shi.” Aka ba Alhaji zuwa ƙarshen Janairu ya kwashe kayansa, iyalin suka yi karo-karo suka biya shi wani abu daga kuɗin kwano. Kuɗin shekara biyu kuwa sun bi ruwa. Saurayin tun ranar da ya ji wansa na hanya ya kashe waya ya bar gari.

Alhaji ya so ya kai ƙara. Lauyan da muka je wurinsa ya juya takardar nan gaba da baya, ya ce wa za a yi ƙara, laƙabi? Gidan gado da ba a raba ba, in ɗaya daga cikin magada ya ba da shi ba da yardar shugaban iyali ba, ɗan haya ba shi da tudun dafawa a kan sauran. Notis na wata shida da kowa ke ambato hakkin wanda ya kama haya a hannun mai ikon bayarwa ne. Kuma maganar gidan iyali a ƙasar Moro'a, inda Manchok take, in ta yi tsamari, kotun al'ada za ta nufa, domin tun 2001 jihar Kaduna ke da kotunan al'ada da na shari'a kowanne da huruminsa. Haka dattijon nan ya kwashe mata da yara cikin sanyin hunturu, ya sake biyan haya a wani gidan, ya kuma biya la'adar da ya guda tun farko.

Abin da ke ci mini rai, yau kowa dillali ne. Ɗan acaɓa dillali, mai cajin waya dillali, yaron da ya gama sakandare jiya ya buɗe shafi a Facebook shi ma dillali. Za su ɗauko hoton gidan Abuja mai tayil da fanka su ce a Kafanchan yake, ka turo kuɗin duba gida. Na ga ɗaki ɗaya da aka karɓi kuɗinsa a hannun ɗalibai mata biyu, suka haɗu a bakin ƙofa kowace da katifarta. Irin waɗannan su suka ɓata mana suna, har mutum ya ji an ce dillali ya kama aljihunsa. Ban ce duk mai shago tsarkakakke ba ne, a cikinmu ma akwai masu cin la'ada baki biyu suna ɓoye wa kowane ɓangare. Amma mai shago gobe ma yana nan, ka san inda za ka same shi, mai unguwa ya san shi, yana da sunan da yake tsoron ya zube.

Su ma masu neman hayar ba su kyauta wa kansu. Mutum zai yi kwana yana taya buhun masara, ya soka hannu har ƙasan buhu ya duba ko da ƙwari, amma gidan da zai kwana da iyalinsa ya biya kuɗinsa cikin rabin sa'a don an ce wani na zuwa da kuɗi da yamma. Wannan “wani” ba ya zuwa, ba a taɓa haifarsa ba.

Baƙo, riƙe wannan. Mai makulli ba shi ne mai gida ba. Kada ka biya sai ka ga mai gida ido da ido, in gidan gado ne sai babban gida ya sa hannu. Kada ka biya sai a gaban mai unguwa. Kada ka biya shekara biyu a garin da ba ka yi damina ɗaya a cikinsa ba.

La'adar da kake ganin asara ce, ba ladan nuna maka ƙofa ba ce, ƙofa ko yaro zai nuna maka. Ladan sanin gidan wa ne, wa ya mutu, wa ya gada, wane gida ne ake shari'a a kansa, wace rijiya ce ke ƙafewa a watan Maris, wace unguwa ce za ta karɓe ka da irin sana'arka da baƙin da za su riƙa zuwa wurinka. Gidaje da yawa a garuruwanmu ba su da takardar mallaka ta hukumar filaye ta jiha, KADGIS, tarihinsu a kan mutane yake, sai wanda ya daɗe a cikinsu ya san shi. Iyayenmu fatake sun fi mu gane wannan. Bahaushen da ya je Kumasi ko Sabon Ibadan ba ya sauka ya hau neman ɗaki shi kaɗai, wurin mai masauki yake zuwa a zango, shi zai ba shi wurin kwana, ya tsaya masa, ya haɗa shi da masu saye, ya ci la'adarsa ba wanda ya ga laifinsa. Kafanchan kanta da baƙi ta girma tun da jirgin ƙasa ya mayar da ita mahaɗa, kuma kowane baƙo ta hannun wani ya shigo.

In kai ɗan gari ne, ko kana da mai masaukin da ya shekara goma a Manchok kuma zai taka da ƙafarsa ya raka ka wurin mai gida, nemi gidanka da kanka, ba na jin haushi, ka riƙe kuɗinka. Ɗalibin da ke neman ɗaki ɗaya, tsofaffin ɗalibai sun ishe shi jagora, muddin dai mai gida zai gani. Amma mai iyali, mai kaya, wanda ya tsallako iyaka, shi kam ya nemi wanda za a kama in abu ya ɓaci.

Ko ta hannun dillali ka bi, buɗe idonka. Duba mita, ka nemi takardar wuta ta ƙarshe, don na ga wanda ya gaji bashin mutum uku da suka riga shi zama. Ɗaga kai ka dubi silin, tabon ruwa ba ya ƙarya, ruwan Agusta a nan ba irin na Maraɗi ba ne. Duk gyaran da za ka yi, a rubuta wa zai biya kafin ka sayi ƙusa ɗaya. Kuɗi ta banki, zuwa asusun da sunansa ya yi daidai da sunan da ke kan yarjejeniya, ba asusun ƙane ko na budurwa ba. Ka tambayi maƙwabta, ba maƙwabcin da aka nuna maka ba, wanda ka zaɓa da kanka. In ka ga wani gini ko tudu a tsakar gida da ba ka gane ba, tambaya. Kuma na sake faɗa, a ga mai gida. Murya a waya ba mai gida ba ce, na san yaran da ke sa abokinsu ya yi muryar tsoho.

Ku kuma iyalan da kuka bar gidajen iyayenku a rufe kuna birni, ku ji tsoron Allah ku zauna ku yanke magana. In gidan na haya ne, ku fitar da mutum ɗaya da sunansa, ku kai wa mai unguwa a rubuce. In ba na haya ba ne, ku karɓe makullin daga hannun yaron da ba shi da aikin yi, ku gaya wa maƙwabta. Masu unguwannin Manchok da Kagoro, don Allah duk baƙon da kuka ga yana sauke kaya a gidan da kuka san na gado ne, ku tare shi tun a ranar ku tambaye shi wa ya ba shi, kada ku bari sai Disamba.