Amsoshin Tambayoyinku: Mujallar Coci a Lokacin Hidima

Wata mai sauraronmu daga Kagoro a Jihar Kaduna ta ce tana shirya mujallar cocinsu kan bangaskiya da al'adu, amma da zarar aikin gona ko bukukuwa sun kankama sai rubutu ya tsaya. Mene ne mafita?

To, Malama, kalandar coci ba ta zuwa ba zato. Kirsimeti na nan ranar 25 ga Disamba, Ista kuwa tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu take faɗowa. Bikin Afan na garinku ma ranar 1 ga Janairu ne. Saboda haka ki yi dabarar Yusufu a Masar, wanda ya tara hatsi a shekarun ƙoshi: ki rubuta ki ajiye tun kafin hidima ta taso.

Sannan hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ki ba Zumuntar Mata shafi guda, matasa kuma su naɗo hirar dattawa da wayoyinsu. Idan damina ta matsa, ki rage shafuka, amma kada ki canza ranar fitowa, domin da ita masu karatu suka saba.

Allah ya taimaka, Malama.