Darasi: Majami'ar Baƙi a Unguwar Spitalfields

'Yan'uwa, darasinmu na wannan karo a kan wani gini ne da ke gabashin birnin Landan, a kusurwar da titin Brick Lane ya haɗu da titin Fournier. Shekarunsa sun haura 280, kuma al'ummai iri-iri sun yi sujada a cikinsa, yawancinsu baƙi ne da suka zo neman mafaka.

Bari mu fara da dokar ƙasa, domin ita ce ta ba ginin siffarsa. A shekara ta 1662 majalisar Ingila ta tilasta wa kowane limamin Kirista ya bi littafin addu'a na Ikilisiyar Ingila. Kimanin limamai 2,000 suka ƙi, aka kore su daga majami'unsu. Su da mabiyansu ne aka riƙa kira waɗanda suka ƙi bin tsarin Ikilisiyar gwamnati. Sai a 1689 aka yarje musu su gina ɗakunan sujada nasu. Wannan sassauci bai shafi 'yan Katolika ba. Su sai 1791 suka sami izini, da sharaɗin babu hasumiya babu ƙararrawa.

A Faransa kuwa abin ya juya. A 1685 Sarki Luwis na 14, ɗan Katolika, ya soke dokar Nantes wadda ta ba 'yan Furotesta 'yancin sujada. Tilas mu faɗi gaskiya, zalunci ne aka yi musu. Dubbai suka tsallake teku zuwa Ingila, da yawa suka sauka a Spitalfields suna saƙar siliki. Su ne suka gina wannan majami'a a 1743, suka kira ta Sabuwar Majami'a, suna sujada da Faransanci bisa tsarinsu, ba na Ikilisiyar Ingila ba.

Wanda ya tsaya a gabanta zai iya ɗauka babban gidan attajiri ne. Ginin bulo ne mai kusurwa huɗu, da jeri biyu na tagogi masu faɗi domin hasken rana ya isa a karanta Littafi Mai Tsarki. Ba gumaka, ba hasumiya. Adon da ya fi jan ido shi ne agogon rana da aka kafa can sama a bangon titin Fournier, mai ɗauke da shekarar 1743 da ɗan rubutun Latin da ke kwatanta ɗan Adam da inuwa. A ciki, an kewaye zauren da benen katako domin jama'a su zauna kusa da mai wa'azi. A majami'unmu ido yakan nufi bagadi; a can, mumbari ne ke da girma, gama an yi ginin ne domin kunne. Kuma a ɗaya ƙarshen titin nan Christ Church take tsaye, wadda Nicholas Hawksmoor ya zana wa Ikilisiyar Ingila aka gama a 1729, da farin dutse da doguwar hasumiya. Ba sai an gaya wa mai wucewa wace ce ke da gwamnati a bayanta ba.

Jikokin masaƙan suka saje da 'yan ƙasa, Faransanci ya mutu a bakinsu, majami'a ta yi musu yawa. A 1809 wata ƙungiya mai wa'azi ga Yahudawa ta karɓe ta, a 1819 ta koma hannun 'yan Metodis, suka riƙe ta kusan shekara tamanin. A 1898 Yahudawan da suka gudo daga ƙuncin daular Rasha suka mai da ita majami'arsu. Da su ma suka watsu zuwa wasu unguwanni, Musulmi daga Bangladesh, galibinsu mutanen Sylhet, suka buɗe ta masallaci a 1976.

A ganinmu, sauƙin ginin ne ya raya shi. Zauren da aka yi domin a taru a ji kalma ba ya da wuyar sauyawa, ko da yake gyaran da aka yi wa cikinsa bayan ya zama masallaci ya tafi da yawancin tsohon katakon. A 2009 aka kafa siririyar hasumiya ta ƙarfe a gefen titi, dab da bangon, ita ce hasumiyarsa ta farko.