Amsar Tambaya: Labrador zai yi gadin gida?

Tambaya: An ba ni ɗan kwikwiyo irin Labrador. Zai yi mini gadi kuwa?

Amsa: Malam, kada ka sa rai. Asalin wannan kare daga tsibirin Newfoundland ne a Kanada, inda yake taya masunta aiki, daga baya mafarautan Ingila suka horar da shi ya ɗauko tsuntsun da aka harbo ya kawo ba tare da ya tauna ba. Shi ya sa yake da sanyin hali da son mutane. Baƙo ma da kaɗa wutsiya zai tarbe shi.

Abin da ya fi damuna shi ne cinsa. Ba ya sanin ya ƙoshi, ƙiba kuma tana lalata masa ƙugu da gwiwa, don haka ka riƙa auna masa abinci. Ka fita da shi kullum da sassafe ko da yamma, domin gashinsa mai kauri ne, zafin rana na wahalar da shi. Yana son ruwa ƙwarai. In ya jiƙe, ka ɗaga kunnuwansa ka goge cikinsu su bushe.

Ɗaure shi shi kaɗai yini guda zalunci ne. Ka kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa rigakafin haukan kare.