Darasin Tattalin Arziki: Bambancin Ire-Iren Wiwi da Matsayin Rama a Kasuwar Zare

JOS: Tun daga shekarar 2018, lokacin da Amurka ta halatta noman wani nau'in wiwi da ake shukawa domin zare da mai, maganar wannan tsiro ta shiga bakin masu neman inda za su zuba jari a ƙasashen Afirka. A birni irin Jos, wanda ya taɓa zama cibiyar saƙar buhu, tambayar da ɗan kasuwa zai yi ita ce: shin wannan sabuwar hanyar arziki ce, ko kuwa rami ne da aka rufe da ganye? Amsar tana buƙatar a san ire-iren tsiron, da abin da ya raba su, da kuma abin da dokar Nijeriya ta tanada.

Manyan ire-ire uku

Masana tsirrai sun daɗe suna ambaton iri uku. Na farko shi ne satiba, wanda masanin nan na ƙasar Suwidin, Linnaeus, ya raɗa wa suna a 1753. Dogo ne, yakan kai mita 4 ko fiye, ganyensa sirara ne, kuma a kasuwa ana jingina sunan ga ire-iren ƙasashe masu zafi waɗanda ke jinkirin nuna. Na biyu shi ne indika, wanda Bafaranshe Lamarck ya bayyana a 1785 daga samfurin da aka kawo daga Indiya. Abin da 'yan kasuwa ke kira indika a yau gajere ne mai cunkoson rassa da faffaɗan ganye, asalinsa tsaunukan Afganistan da Pakistan, yana kuma nuna da wuri. Na uku shi ne rudaralis, wanda wani masani ɗan Rasha ya bayyana a 1924. Shi ne mafi ƙanƙanta, ba shi da ƙarfin sa maye, kuma yana fure ne idan kwanakinsa sun cika, ba tare da jiran sauyin tsawon rana ba.

To sai dai masana da yawa suna ganin duka ukun jinsi ɗaya ne, domin suna barbara da juna ba tare da wata wahala ba. Daga wannan barbara ne aka sami ire-iren haɗi. A shekarun 1970 aka haɗa irin Afganistan da na Kolambiya da na Meziko a jihar Kalifoniya, aka fitar da wanda ake kira Skunk, kuma daga nan haɗe-haɗe suka yawaita har ya zama kusan duk abin da ke yawo a kasuwannin Turai da Amurka ruwa biyu ne. Binciken kimiyya ya nuna cewa sunan satiba ko indika da aka manna a jikin kaya ba ya tabbatar da sinadaran da ke cikinsa. Sunan ya fi kama da tambarin talla.

Ma'aunin da kasuwa ke bi

Abin da ke raba kaya a kasuwar duniya shi ne sinadari, ba siffar ganye ba. Sinadarin THC, wanda Raphael Mechoulam da abokin aikinsa suka ware a ƙasar Isra'ila a 1964, shi ne mai sa maye. Sinadarin CBD kuwa ba ya sa maye, kuma a 2018 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wani maganin farfaɗiya da aka yi da shi. Bisa wannan ne aka kasa tsiron kashi biyu: wiwin maye, mai THC da yawa, da wiwin zare, wanda THC ɗinsa bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari ba. Wannan iyaka ce Kanada ta ɗauka da ta halatta wiwin zare a 1998, ita ce dokar gona ta Amurka ta sanya a 2018, kuma Tarayyar Turai ta koma kanta a 2023 bayan ta yi shekaru a kan kashi 0.2.

Daga ɓawon karan wiwin zare ake yin igiya da yadi da takarda, daga tsakiyar karan ake yin shimfiɗar dabbobi da kayan gini, daga 'ya'yansa kuma ake tatsar mai. Sin da Faransa suna cikin manyan masu nomansa. A Afirka, Lesoto ta fara ba da lasisin noma domin magani a 2017, Zimbabuwe ta bi a 2018, Malawi a 2020, Maroko a 2021. Gana ma ta buɗe ƙofar wiwi mai ƙarancin THC a dokarta ta 2020, Kotun Ƙoli ta soke sashen a 2022, majalisa ta sake gyara shi a 2023.

Darasin tattalin arziki mafi girma ya fito ne daga Amurka. Da aka halatta noman, manoma suka yi tururuwa a 2019, kaya suka fi ƙarfin masana'antun da ke tace su, farashin CBD ya rushe, mutane da yawa suka tashi da rumbuna cike da kayan da babu mai saye. Haka kuma a wancan lokaci duk gonar da gwaji ya nuna ta haura iyakar THC, doka ta ce a lalata amfaninta, asarar kuma ta manomi ce.

Matsayin dokar Nijeriya

Dokar Nijeriya ba ta san wannan bambanci na kashi 0.3 ba. Dokar soja mai lamba 19 ta 1966 ta ɗauki kowane tsiro na wannan jinsi a matsayin wiwi, har ta tanadi hukuncin kisa ko ɗaurin shekara 21 ga mai nomansa, kafin a sassauta ta a 1975. A 1989 doka mai lamba 48 ta kafa hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, NDLEA, kuma a ƙarƙashinta hukuncin noma ko shigo da kayan yana iya kaiwa ɗaurin rai da rai, ban da ƙwace dukiyar da aka danganta da laifin. Marigayi gwamnan Ondo, Rotimi Akeredolu, ya yi kira a 2019 da a halatta noman domin magani da fitarwa waje, an kuma gabatar da ƙudurori a Majalisar Wakilai, amma ba su zama doka ba.

Dalilin tsaurin hukumomi ba ɓoyayye ba ne. Ƙididdigar da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi suka gudanar, wadda aka fitar a farkon 2019, ta nuna mutum miliyan 14.3 suna ta'ammali da ƙwayoyi a ƙasar, miliyan 10.6 daga cikinsu wiwi suke sha. Tun da ido ba ya iya raba wiwin zare da wiwin maye a gona sai da gwajin ɗakin bincike, jami'an tsaro suna tsoron kada lasisin zare ya zama mafakar masu noman maye. Saboda haka duk wanda aka yi wa tayin hannun jari a gonar wiwin zare a cikin Nijeriya, ko tayin iri daga waje, cinikin biri a sama ake neman ya yi, kuma abin da zai rasa ya wuce kuɗi.

Ko da babu doka, akwai matsalar yanayi. Yawancin ire-iren wiwin zare an inganta su ne domin Turai da Kanada, inda ranakun bazara ke da tsawo. Jos tana kusa da digiri 10 arewa da tsakiyar duniya, inda tsawon rana ba ya nisa da awa 12 duk shekara. A irin wannan wuri waɗannan ire-ire sukan yi fure da wuri, kara ya tsaya gajere, zare ya yi ƙaranci, duk da sanyin tsaunin da ya sa dankalin Turawa da acca suke yin kyau.

Kama da wane ba wane ba ce

Akwai tsiron da ganyen wasu ire-irensa ke kama da na wiwi har sunansa na kimiyya ya nuna haka, amma ba su haɗa dangi ba. Wannan ita ce rama, 'yar'uwar yakuwa da kuɓewa da auduga, wadda Bahaushe ya san ta a kwaɗo da kuma tufkar igiya tun kaka da kakanni. Ba ta da THC, babu dokar da ta hana ta, tana nuna cikin kimanin wata huɗu, kuma ta saba da damina irin ta ƙasar nan. Ɓawonta yana ba da zaren buhu da igiya da takarda, wato yawancin aikin da ake nema a wurin wiwin zare. Cibiyar binciken aikin gona da ke Ibadan ta fitar da ingantattun ire-irenta, ciki har da masu suna Ifeken. Haka nan lalo, da ake miya da shi, shi ne tsiron da Bangaladesh da Indiya suke nomawa domin zaren buhun algarara.

Jos ta taɓa zama cibiyar wannan sana'a. A 1963 ne Ahmed Idris Nasreddin ya kafa masaƙar buhu a garin, wadda ta zama tushen rukunin kamfanonin NASCO, a zamanin da gyaɗa da auduga da koko ke buƙatar buhuna masu ɗimbin yawa. Faɗuwar fitar da amfanin gona bayan zuwan man fetur, da arhar buhun leda, su suka durƙusar da sana'ar. Amma buƙata ba ta mutu ba, domin masu fitar da koko da kashu suna amfani da buhun zare mai barin iska ta ratsa, kuma mafi yawansa daga Asiya ake sayo shi da kuɗin waje.

Abin lura ga mai jari

Ribar rama ba a gona kaɗai take ba. Dole a sami injin ɓare kara, da ruwan jiƙa ɓawo, da wutar lantarki mai ɗorewa, da masaƙar da za ta karɓi zaren. Abin da ya faru da manoman Amurka a 2019 yana iya faruwa da manomin rama idan ya shuka kafin ya sami mai saye. Don haka matakin farko shi ne yarjejeniyar saye a rubuce, na biyu iri daga cibiyar bincike da aka sani, na uku lissafin kuɗin sufuri, tun da kara kaya ne mai cika mota ba tare da daraja mai yawa ba, kuma ba ya biyan tafiya mai nisa kafin a ɓare shi. Yana da kyau kuma mai babbar gona ya sanar da ofishin gona na ƙaramar hukumarsa abin da ya shuka, domin kada kamannin ganye ya jawo masa tambayoyin da ba su dace ba.