Amsoshin Tambayoyinku: Wa ya cinye kifin Harobanda?

TAMBAYA: Ni ɗalibi ne daga Maradi, shekarata ta biyu ke nan a Jami'ar Abdou Moumouni, ina haya a Karaje, a Harobanda. Kakana ya yi zaman Yamai yana saurayi, kuma kullum sai ya ce a zamaninsu da jirgi ake ƙetarawa Harobanda, kifi kuwa har a rasa mai saye. Ya ce ma an yi shekarar da aka taka kogin da ƙafa. Ni abin da nake gani tsibiran yashi ne, da masunta masu komawa gida da ɗan abin miya. Abokaina sun ce masu haƙar yashi da zinariya ne suka kashe kogin. Don Allah ina gaskiyar maganar?

AMSA: Allah ya ƙara wa kakanka lafiya, bai ƙara gishiri a labarinsa ba. Abokanka ne nake ganin sun bar jaki suna dukan taiki. Amma bari mu bi maganar daga tushe.

Sunan unguwarku ma shaida ne. Harobanda kalmar Zabarmanci ce: hari ruwa, banda baya, wato bayan ruwa, ƙetaren kogi. Mutanen gaɓar da birni yake su suka raɗa sunan, domin a wurinsu can wata duniya ce. Lokacin da Turawan Faransa suka ɗauke hedikwatar mulki daga Damagaram zuwa Yamai a 1926, duk gine-ginensu a wancan gefen suka yi su. Gefenku ƙauyuka ne na makiyaya da manoma, mafi shahara Lamorde, wadda sunanta a Fulatanci ke nufin mazaunin sarauta. Bafulatana mai tallar nono, mai kora shanu zuwa kasuwa, matafiyi mai nufin Say ko ƙasar Gurma, kowa sai ya tsaya bakin ruwa ya biya kuɗin fito. Mota kuwa sai ta jira babban jirgin fito. Haka aka yi ta yi har 1970, shekarar da aka buɗe gadar Kennedy, mai tsawon mita 710, a zamanin Shugaba Diori Hamani. Tunda ɗalibi ne kai, ka san a kan gadar nan ne aka harbe ɗalibai uku ranar 9 ga Fabrairu 1990, lamarin da ya buɗe hanyar siyasar jam'iyyu da yawa a Nijar. Gada ta biyu, wadda Sin ta gina, sai 2011. Ta uku mai sunan Janar Seyni Kountché sai 2021.

Su wa ke riƙe da ruwan a zamanin kakanka? Sorkawa, waɗanda mu Hausawa muke ce wa Sarkawa. Su ne masu kogin tun daga Gao har Yawuri, kuma da yawa daga masuntan da suka hauro daga ƙasar Kabi da Hausa suke magana, shi ya sa har gobe idan ka tsaya inda ake saukar da kifi za ka ji sunayen kayan kamun kifi irin su birgi da taru da mamari da gura a bakin mutane. Sarkin ruwa ba sarautar ado ba ce a wancan lokaci. Shi ke cewa wannan gurbi an hana shi sai wata kaza, kuma a bari. Farautar dorina da zago aikin gari guda ne, da shiri na makonni. Idan kana son ganin yadda abin yake da idonka, Jean Rouch, Bafaranshen da ya zo Yamai a 1941 a matsayin injiniyan hanyoyi, ya ɗauki irin wannan farauta a fim a farkon shekarun 1950 a wajen Ayoru. Abokin aikinsa na tsawon rai, Damouré Zika, ɗan Sorkawan Yamai ne.

Maganar taka kogi da ƙafa gaskiya ce. A 1985, bayan farin 1984, ruwan ya tsaya cak a Yamai, ya rage sai 'yan gurabe a tsakanin yashi. Kogin da ya taso daga duwatsun Gini, ya yi tafiyar kilomita sama da 4,000 kafin ya faɗa teku a Najeriya, ga shi yara suna wasa a cikinsa. Tsoron kada a sake ganin haka ne ya sa daga baya aka gina ɗan shingen kankare a Gudel don tare ruwan shan birni.

To a nan ne nake so ka natsu, domin abin da ya faru a shekarun fari shi ne mabuɗin duk tambayarka. Gada ta buɗe a 1970. Jami'arku ta kafu a gefen nan cikin shekarun da suka biyo, cibiyar nazarin yanayi da noma ta AGRHYMET ta zo a 1974, ga asibitin Lamorde. A daidai wannan lokaci ne farin 1973 da na 1984 suka koro dubban mutane daga karkara. Suka zo suka tarar da fadamu a bushe, filin da dā ruwa ke kwana a kai wata biyu ko uku ya zama fako. Aka yanka fuloti, aka yi gini. Ba wanda ya yi da mugun nufi; mutum ya shekara goma bai ga ruwa a wuri ba, ina laifinsa in ya ɗauka tudu ne? Sai dai waɗannan fadamu su ne ɗakin haihuwar kifi. Idan kogi ya cika ya malala cikin ciyawa, nan karfasa da tarwaɗa da bargi ke zuba ƙwai, nan 'ya'yan ke ɓuya har su yi ƙarfi. Wani ɓangare ya zama gidaje, wani ya zama gonakin shinkafa masu ganuwa irin na Kirkisoy da Sagiya. Shinkafar ta ciyar da mutane, ban raina ta ba, amma kifi ya rasa wurin haihuwa.

Sai yashi. Ka hau tudun da ke bayan unguwarku, wajen duwatsun nan uku da ake gani daga gada, ka dubi ƙasa. Itacen da ke rufe da tuddan an sare shi an dafa tuwon Yamai da shi shekara da shekaru. Ƙasar ta daskare kamar daɓe, ruwan sama ba ya shiga cikinta, sai ya kwararo da gudu, ya yanka ƙoramu, ya kwaso rairayi ya juye a kogi. Ƙoramar Kurtere, sama kaɗan da Lamorde, ta tura tulin yashi har cikin tsakiyar ruwa. Gurabe masu zurfi inda giwan ruwa da yauni ke fakewa da rani, su ne yashin ke fara cikewa. Tsibiran da kake gani ke nan.

Saboda haka mai amalanken jaki da shebur, ko matar da ke zaune cikin rana tana tankaɗe tsakuwa tana tara ta tsibi-tsibi don mai gini ya saya, ba su suka kawo yashin ba. Kwashe shi ma suke yi. Inda suke da laifi, kuma laifi ne na gaske, shi ne in an haƙa a gindin gaɓa ko kusa da ganuwar da ke tare ruwa, ko manyan motoci suka farfasa bakin ƙorama, domin damina na zuwa wurin zai zabtare. Ramukan da ake bari kuma suna cika da ruwa su ci yara. Wannan aiki tsari yake so: a nuna inda za a ɗiba da inda ba za a taɓa ba.

Zinariya kuwa ba a Harobanda take ba. Tana yamma, a ƙasar Liptako: Koma Bangu, inda ake haƙa da hannu tun shekarun 1980, da Samira, inda kamfani ya fara aiki a 2004, da bakin kogin Sirba. A 2017 an yi rububin neman ta a Kafa Kwara kusa da filin jirgin sama, amma abin bai daɗe ba. Abin da ya shafe ku shi ne Sirba tana zuba a cikin babban kogi sama da Yamai, kuma masu wanke zinariya da yawa da zaiba da wasu magunguna masu guba suke aiki. Wannan ya isa ya tayar wa mai cin kifi hankali. Amma kifi ya fara ja baya tun kafin haƙar ta yi ƙarfi.

Masuntan ma, in ka zauna da su, ba sa wanke kansu. Ka je bakin ruwa da asuba ka gani. Mutum biyu a kwale-kwale, na baya na riƙe da filafili, na gaba a tsaye, birgi a naɗe a hannu, gefe ɗaya a kafaɗa. Ya juya jiki ya watsa, ragar ta buɗe kamar faifai, dalma ta ja ta ƙasa. Ya jawo a hankali, ya zazzage: 'yan karfasa huɗu ko biyar da ba su kai tafin hannu ba. Dā irin waɗannan mayar da su ake yi. Yau yana da bakuna a gida, sai ya jefa su cikin jirgi. Da kifi ya ragu sai idon raga ya ƙara ƙanƙancewa, har wasu na sa gidan sauro, da idon ya ƙanƙance kuma sai kifin ya ƙara raguwa. Doka ta hana, amma maganar sarkin ruwa da ta fi doka tasiri ta yi rauni, domin masu shiga ruwa yanzu ba duka 'yan gado ba ne.

Akwai abu ɗaya da ba ka tambaya ba, amma dole in faɗa maka tunda a Karaje kake kwana. Kogin nan sau biyu yake cika a shekara. Akwai baƙin ruwa, wanda ya sauka a Gini da damina, ya yi ta jinkiri a fadamun Mali wajen Mopti, sai cikin sanyi, Disamba zuwa Janairu, yake isowa a natse. Akwai kuma jan ruwa na Agusta da Satumba, wanda Goruwal da Dargol da Sirba ke kawowa, launin jar ƙasa, cikin 'yan kwanaki. Dā baƙin ruwa ne babba. Yanzu da ƙasa ta daina shan ruwa, kwarin kogin kuma ya cika da yashi, jan ruwa ne abin tsoro. Ya ci gidaje a 2010 da 2012. A Satumbar 2020 ma'aunin Yamai ya kai santimita 700, alhali 620 ne matakin jan gargaɗi. Ganuwar Lamorde ta karye, ruwa ya koma fadamunsa na dā, ya tarar da ɗakunan mutane a ciki. Ana sa rai madatsar Kandaji, wadda aka aza harsashinta a 2008, za ta riƙa sako ruwa da rani don kada a maimaita 1985. Sai dai ka lura, Dargol da Sirba a ƙasa da madatsar suke shigowa, don haka jan ruwansu ba ruwansa da ita. Maganinsa yana kan tuddai: dasa itace, jera duwatsu a gangare, haƙa ramukan rabin wata masu tare ruwa.

Shawarata gare ka biyu ce. In ka je hutu Maradi, ka zauna da kakanka da wayarka, ka naɗi muryarsa: ina mashigin jirgi yake, nawa ne kuɗin fito, wane kifi ake kamawa a wane wata. Ka yi haka da tsofaffin Lamorde da Nogare da Gamkalle, domin sun san inda ruwa ke kwana fiye da takardar fuloti. Sannan kafin ka sake biyan kuɗin haya, ka tambayi maƙwabta inda ruwan 2020 ya tsaya a jikin bangon gidan. Allah ya ba da sa'ar karatu, a gaida mana tsoho.