Daga Hanci Zuwa Laka: Darasi a Kan Binciken Farfesa Raisman

'Yan uwana ɗalibai, a wannan fitowa ina so mu duba wata tambaya da ta daɗe tana ɗaure wa likitoci kai. Idan fata ta yanke takan warke, ƙashi ma idan ya karye a ɗora shi ya haɗe. To me ya sa laka idan ta tsinke ba ta komawa?

Laka ita ce igiyar jijiyoyi da ke cikin ƙashin baya, mai kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da sauran jiki. Idan ta ji rauni, tabo yakan toshe wurin, jijiyoyin da suka katse su kasa tsallake shi. Shi ya sa za ka ga mutum ƙafafunsa lafiya lau a ido, amma sun shanye, don umarnin ƙwaƙwalwa ba ya isa gare su.

Abin da ya fi burge ni a wannan fanni shi ne inda masana suka je neman mafita: cikin hanci. Can saman kogon hanci akwai jijiyoyin da ke ɗaukar ƙamshi da wari. Ƙura da hayaƙi da mura suna kashe su, amma jiki yana ta sabunta su har tsufa. Kowace sabuwar jijiya kuma sai ta miƙa zarenta ta ƙananan hudojin ƙashin kai har ta shiga ƙwaƙwalwa. Wa ke nuna mata hanya? Wasu ƙwayoyin halitta ne da ke naɗe zaren suna buɗe masa hanya. Ni dai ina kiran su 'yan rakiya.

Farfesa Geoffrey Raisman, ɗan Birtaniya da aka haifa a Leeds a 1939, ya shafe shekaru yana nazarinsu. Tunaninsa shi ne: tunda suna iya raka jijiya ta shiga ƙwaƙwalwa, me zai hana a dasa su a laka su raka jijiyoyi su tsallake tabo? A 1997 shi da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi a kan ɓeraye masu raunin laka, inda dashen ya maido musu da amfanin ƙafar gaba. A Ostareliya kuma, Farfesa Alan Mackay-Sim da tawagarsa sun gwada dashen a jikin mutane uku, suka nuna cewa bai cutar da su ba.

A 2012 likita Pawel Tabakow na birnin Wroclaw a ƙasar Poland, tare da haɗin gwiwar Raisman, ya yi wa Darek Fidyka aiki. An daɓa wa mutumin nan wuƙa a baya a 2010, jikinsa ya shanye daga ƙirji zuwa ƙasa. Aka ciro ɗaya daga kullutu biyu na jin ƙamshi da ke ƙasan ƙwaƙwalwarsa, aka raini 'yan rakiyar a ɗakin gwaje-gwaje, aka zuba su sama da ƙasan raunin. Sannan aka ɗebo zaren jijiya daga idon sawunsa aka yi gada a giɓin, mai tsawon milimita 8. Bayan doguwar motsa jiki a hannun ƙwararru, a 2014 aka sanar cewa yana takawa da abin dogarawa. Raisman ya rasu a 2017.

Amma fa mu yi hattara. Mutum ɗaya ne wannan, kuma wuƙa ce ta yanke lakarsa, ba murƙushewa irin ta haɗarin mota ba. Har yanzu dashen yana matakin bincike. Duk wanda ya ce muku yana da allurar da ke haɗa laka, kuɗinku yake so.

Saboda haka rigakafi ya fi magani. Mu da kullum muke kan babur zuwa makaranta, idan haɗari ya auku, don Allah kada a ciccibi wanda ya faɗi a naɗe shi cikin adaidaita. Idan yana kukan wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin ƙafarsa, a riƙe kansa kada ya motsa, a nemi ma'aikatan agaji. In ɗaukar ta zama dole, a sa shi a kan katako miƙe, kai da wuya da baya a layi ɗaya. Mummunan ɗauka na iya ƙarasa lakar da haɗarin ya bari.