Busar da Ɗanyen Itace Kafin Sassaƙa

Gabatarwa

A ƙasar Gumel, wato ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, itacen sassaƙa kamar ƙirya da marke ya yi ƙaranci ainun, saboda yawan sara da gurgusowar hamada. Bishiyar da za ta ba da turmi takan yi shekaru da yawa kafin ta yi kauri, amma 'yan kwanaki a iskar hunturu sun isa su tsaga gungumenta. Saboda haka sanin yadda itace ke bushewa hanya ce ta tattalin bishiyoyin da suka rage.

Ruwan da ke Cikin Itace

Itace tarin ƙananan ƙwayoyin halitta ne masu siffar bututu, a jere daga saiwa zuwa reshe. Ruwan da ke cikinsa iri biyu ne. Akwai wanda ke kwance a cikin bututun, shi ne yake fara ficewa, kuma ficewarsa ba ta sauya girman itacen. Akwai kuma wanda ke manne a bangon bututun. Idan laima ta sauka ƙasa da kimanin kashi 30 cikin ɗari, wannan ruwa na biyu yakan fara fita, sai itacen ya soma tsukewa.

Tsukewar ba daidai take ta kowace fuska ba. Ta kewayen gungume takan kusan ninka ta tsakiya zuwa ɓawo sau 2, amma ta tsawo ba ta taka kara ta karya ba. Bugu da ƙari, ruwa yakan fita ta bakin sara fiye da ta gefe da kimanin ninki 10. Don haka baki yakan bushe ya tsuke alhali ciki na nan ɗanye, sai tsaga ta taso daga zuciyar itacen ta nufi ɓawo.

Matakan Kariya

1. Da zarar an sare itace, a shafe bakunan biyu da kakin zuma ko fenti mai kauri.
2. Idan akushi za a yi, a raba gungumen biyu ta tsawo, a cire zuciyarsa, domin daga nan tsaga ke farawa.
3. A fafe shi tun yana ɗanye, da gizago ko da injin juya itace, a bar kaurin bango ya kai kimanin kashi 1 cikin 10 na faɗin akushin. Wannan rarar ce za a sassaƙe idan ya karkace wajen bushewa.
4. Shi turmi da zuciyarsa ake sassaƙa shi, don haka ya fi buƙatar a shafe gindinsa da bakinsa.
5. A ajiye a inuwa, a kan duwatsu saboda gara. Da hunturu a lulluɓe da buhu ko sassaƙe, da damina kuwa a buɗe saboda funfuna.

Gwaji Don Ɗalibai

A yanki guntaye 2 masu girma ɗaya daga ɗanyen reshen darbejiya. A shafe bakunan guda da kaki, a bar ɗayan haka. A riƙa auna nauyinsu kowane mako ana rubutawa, tare da duba tsaga. Idan nauyi ya daina raguwa, itacen ya daidaita da laimar iskar wurin, ya isa a gama sassaƙarsa.

Kammalawa

Masu iya magana sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, haka kuma tun yana ɗanye ake kare shi daga tsagewa. Duk turmin da ya isa kasuwar Maigatari ranar Alhamis ba tsaga, ya hana a sare wata ƙiryar don maye gurbinsa.